Damin Dauron Iya Baturiya

Makaranta, ranar Lahadi

Zuwa ga uwargidana, Iya Baturiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya. Ya ƙafar, ya zafi, ya mutanen Riruwai baki ɗaya? In kin tambayi mijin naki kuwa, yana nan da ransa, sai dai ya rame, kuma ba kewarki ce ta ramar da shi ba, jarrabawa ce. Nusaiba ƙanwata, ke ce mai karanta mata, ki ɗaga murya, kuma kada ki tsallake inda na tsokane ta.

Na koma ga takarda ne saboda wayar nan ta ishe ni. Sai Nusaiba ta hau dutsen bayan gida kafin a samu sabis, ke kuma ba ki hawa dutse, ko kin hau ba ki ji, sai dai ki yi ta "iye?" har kati ya ƙare. Isa direba ya ce zai riƙa karɓa a Kwanar Dangora ya miƙo muku, in da amsa kuma ya sauko da ita.

Zangon karatu ya zo ƙarshe, kuma shi ne na ƙarshe gare mu. Malaman da muka yi wata da watanni ba mu ga ƙeyarsu ba duk sun dawo lokaci guda, kowa yana so ya ɗura mana karatun zango a mako ɗaya. Safe gwaji, rana gonar makaranta, yamma kwafar darasi. Ni da abokin ɗakina Adamu mun koma garin kwaki da ƙuli, wanki kuwa ya taru har mun daina haɗa ido da shi.

Nusaiba ta gaya mini ɓeraye sun cinye 'yan zangarnun dauron da kika rataya a madafi. Na ji ba daɗi. Na kuma san abin da ke ranki. Tun da kowa ya koma masara, babu mai shuka farin dauron kakana Malam Wada sai ke, kuma bara da ciwon ƙafa ya hana ki, dami ɗaya tak kika samu. Wannan damin ni na kawo miki baƙo da kaka, ni na tsaya masa har kika ba shi. Yanzu ke nan duk duniya babu irin nan sai wanda ke hannun baƙon nan, malamina Farfesa Idris.

To, ki kwantar da hankalinki. Ke ma kin ga mutumin. Kin ga yadda ya cire takalmi ya zauna a tabarmarki, ya tauna ƙwaya ɗaya ya lumshe ido, ya ce ya yi shekaru yana neman irin nan a ƙasar Doguwa bai samu ba. Ko ɗakin ajiya na makaranta bai yarda da shi ba, wai ƙwari sun fi ɗalibai yawa a ciki. Gidansu na Kiru ya kai damin, ya sa shi a tsohon rumbun ƙasa na mahaifinsa, da toka da ganyen darbejiya. Jiya na gaya masa labarin ɓerayen. Ya ce in faɗa miki amana tana nan inda aka ajiye ta, da mun gama jarrabawa shi da kansa zai kawo miki kafin lokacin yafin iri.

Ni ma ina da buƙata a damin nan, kada ki zaci don ke kaɗai nake bibiya. Aikin binciken da zan kare kafin a ba ni takardar gamawa a kan dauron nan yake. Ɗan abin da Farfesa ya ba ni na gwajin tsiro tuni ya ƙare. Saura mudu guda da zai ɗebo mini a auna abin da ke cikin ƙwayar, sai in rubuta babi na ƙarshe. Ya ce in na gama zai daina kira na manomin biro, sunan da yake kiran duk ɗalibansa da shi.

Ki gaishe da Kawu Hamma da iyalinsa. Ki sa ni a addu'a, ki rage goro.

Naki,
Mas'ud


Makaranta, ranar Laraba

Iyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya jiki, ya gida. Mu ma lafiya, sai dai labarin da zan ba ki ba mai daɗi ba ne. Nusaiba, ki bari ta zauna tukuna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Farfesa Idris rasuwa jiya Talata da safe a gidansa na Kiru. An ce hawan jini ne. Ya dawo daga masallaci, ya ce kansa yana sarawa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An yi jana'izarsa kafin azahar. Mu muna ɗakin jarrabawa tun safe, wayoyi a kashe, sai da muka fito muka ji. Ko jana'izar ban samu ba.

Ranar Litinin fa yana cikin aji yana mana bita, yana faɗa da masu zuwa a makare. Bayan an tashi ya kira ni gindin bishiyar da yake zama, ya miƙo mini babin da na ba shi ya duba. Duk ya bi shi da jan biro, a ƙasa ya rubuta in rage surutu. Na yi dariya na ce gado na yi wurin kakata. Ya ce to a gaida kakar. Ga gaisuwar na isar, ita ce maganarmu ta ƙarshe da shi.

Makaranta ba ta ɗage komai ba. An tara mu an yi masa addu'a, aka ce kowa ya koma ya ci gaba da shiri. Yau da safe kuma jarrabawar darasinsa muka yi, tambayoyin da ya tsara da hannunsa tun makon jiya. Ta farko cewa ya yi mu lissafa hanyoyin da manomi ke rasa irinsa. Na rubuta ɓera, na rubuta ƙwari, da laima, da gobara, da yunwar da ke sa mutum ya cinye abin da ya ajiye don shuka. Ina rubutu ina jin muryarsa yana faɗa mana su. Wata a bayana ta kife kai a tebur tana kuka, mai tsaron jarrabawar bai hana ta ba, shi ma idonsa ya yi ja.

Iya, na ji mutuwar nan. Tun da Baba ya rasu babu namijin da ya zaunar da ni ya yi mini faɗa don yana so in zama mutum sai shi.

Ba zan ɓoye miki ba, damin ya faɗo mini a rai tun jiya, har na ji kunyar kaina. Ranar Juma'a za mu je ta'aziyya a motar makaranta, ranar za a yi sadakar uku. Amma kin san ba zai yiwu in shiga gidan makoki, mutane suna hawaye, in buɗe baki in ce ina ajiyata ba. Ke kika tarbiyyantar da ni, da na yi haka ke za a zaga. Zan bari a yi bakwai, sannan in koma in yi magana cikin ladabi. Rumbu ba ya gudu.

Ki yi masa addu'a. Ki gaishe da kowa.

Jikanki,
Mas'ud


Kwanar Dangora, ranar Asabar

Iya Baturiya,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. A tsaye nake rubuta wannan a tasha, Isa yana lodi, don haka ba za ta yi tsawo ba.

Mun je Kiru jiya. Ban taɓa ganin taron ta'aziyya irin wannan ba. Na zaci manyan makaranta da masu manyan motoci za su cika wurin, sun zo kuwa, amma manoma sun ninka su. Daga Bebeji, daga Tiga, daga Tudun Wada, har da Fulanin da suka bar shanu suka zo da sandunansu. Kowa da labarinsa: wannan ya ba shi irin wake, wancan ya kwana a gonarsa ana neman maganin tsutsa. An shigar da mu ɗalibai muka gaida matarsa, Hajiya Zulaihat, ta bayan labule. Ta yi mana godiya, ta ce kullum da zancenmu yake dawowa gida.

Bayan addu'a aka fito da sadaka, waina da gumba. Iya, gumbar nan! Fara tas, ga ƙamshi, ga gardi, ko sukari ba ta nema. Rabona da cin irinta tun wadda kike yi mana da kaka. Na cinye tawa, Adamu ya ce ba ya ci na karɓe tasa, wata tsohuwa mai rabon ta ga yadda nake santi ta ƙara mini curi biyu. Ɗaya na ci a mota. Ɗayan ga shi nan a leda cikin takardar nan, ki ci ki yi wa mamacin addu'a, ki kuma yarda akwai waɗanda suka kamo ki a iya gumba.

Saura mini jarrabawa uku. Sai na sake rubutowa.

Naki,
Mas'ud


Makaranta, ranar Alhamis

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata jiki da sauƙi. Yau babu tsokana a takardar nan.

Saƙonku ya iso ni ranar Litinin. Nusaiba ta rubuta cewa da kika kwance ledar kika shinshina, kika gutsura kaɗan, sai kika ce a gaya mini in je Kiru in duba rumbu, kada in jira bakwai. Ina karantawa, a take na gane abin da harshena ya sani tun ranar Juma'a, kaina ya ƙi ganewa.

Washegari ina fitowa daga jarrabawa na hau babur. Na nemi iso wurin Hajiya Zulaihat, na gaya mata komai tun daga zuwan Farfesa Riruwai. Ta ce ta san yana ajiye dammuna a tsohon rumbun gidan, amma ba ta taɓa sanin na wane ne da na wane ba, kuma ranakun nan ko ruwan da ta sha ba ta sani ba. Ta sa aka kira yayar marigayin, Gwaggo Rabi, wadda ta tsaya a kan hidimar sadaka. Ita ce tsohuwar da ta ƙara mini curi biyu.

Gwaggo Rabi ba ta ɓoye komai ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ce da za a yi gumba ta sa aka buɗe rumbu, ta tarar da dammuna iri-iri, kowanne da 'yar takarda mai lambobi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana murzawa a tafin hannu, har ta kai ga wani farin dauro da rabonta da ganin irinsa tun tana budurwa. Ta ce ƙaninta bai taɓa ba mutum abin da ya raina ba, don haka ba za a yi masa sadaka da abin da aka raina ba. Ta zaɓi wanda ya fi duka kyau. Mata suka sussuke shi a bayan ɗaki, suka sheƙe, suka surfa, suka daka. Da bai isa ba aka ƙara da gero na kasuwa.

Da na gaya mata ko na wane ne, da kuma cewa babu saura a ko'ina, sai ta dafa ƙirji ta zauna a ƙasa. Tsohuwa ce sa'arki, Iya. Ni na koma ina ba ta haƙuri. Mun shiga rumbun da fitila, mun share ƙasansa da tsintsiya, ba mu samu komai ba sai toka da ganye. Turmin an wanke shi. Ƙaiƙayin an zuba wa awaki.

To, haka abin yake. Irin da Malam Wada ya gada wurin mahaifinsa, wanda kika riƙe shekaru bayan kowa ya watsar, an cinye shi a wuni ɗaya, kuma ni na fi kowa ci. Da na yi magana ranar Laraba, ko ta waya ce, da ba a kai ga haka ba. Na tsaya kara, kara kuma ta ja mana. A jarrabawar Farfesa na lissafa duk hanyoyin da manomi ke rasa iri, ban rubuta sadaka ba, shi ma bai koya mana ita ba.

An ba ni sabon malamin da zai duba aikina. Mutumin kirki ne, amma ya ce ba a auna ƙwayar da babu. Ya ce in shiga rukunin su Adamu masu aiki a kan masara, in rubuta wani abu cikin sauri in gama tare da 'yan ajinmu. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Gaskiya ba takardar ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda zan shigo gida in dube ki.

Ki yafe mini, Iya. Ni na ce miki ki ba shi, ni na ce rumbu ba ya gudu.

Jikanki,
Mas'ud


Makaranta, ranar Lahadi

Uwargida ran gida, Iya Baturiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, ya ƙafa, ya ruwa? An ce wajenku ya sauka sosai. Ki yi haƙuri da shirun da na yi na makonnin nan, ban so in rubuto ba sai da abin faɗa a hannu.

Amsarki tana aljihuna har yau. Kin ce ba a nadamar sadaka. Kin ce curin nan kin yi kwana uku kina gutsurarsa, kina yi wa maza biyu addu'a, wanda ya bar miki irin da wanda ya san darajarsa. Kin kuma ce in rubuta masarar in gama, kada in ɓata shekarata a kan abin da ya riga ya shiga cikin mutane. Nusaiba ta ƙara da nata a ƙasa, wai bayan kin gama faɗar haka kin shiga ɗaki kin daɗe ba ki fito ba. Kada ki yi mata faɗa, ni na ce ta riƙa gaya mini gaskiya.

Na gama jarrabawa. Har na karɓi takardun su Adamu na fara kwafar masara, sai ga kira daga Hajiya Zulaihat, ta ce in zo Kiru in ga wani abu.

Kin san tana takaba, ba ta fita. Ta ce in zaman ɗaki ya ishe ta, sai ta ɗauki kujera ta koma bayan ɗaki, cikin katanga, inda babu mai ganinta. Nan ne aka yi sussuka da shiƙa. Bayan ruwan farko da na biyu sai ta ga wurin ya yi kore-kore. Da fari ta zaci ciyawa ce. Da ta duba da kyau ta ga ganyen hatsi ne, sai ta kife kwanduna a kai saboda awaki. Ƙwayoyin da suka fallatsa daga turmi ne, ƙafafun mata suka tattake su cikin ƙasa. Abin da ya cece su kuwa, kajin gidan duk an yanka wa baƙin makoki, babu wanda ya rage ya tsattsage su.

Na durƙusa a wurin na daɗe ban tashi ba. Ba su da yawa, duka-duka ba su wuce abin da hannu biyu za su riƙe ba. Tun ranar nake zuwa duk bayan kwana biyu. Gwaggo Rabi ta ƙi komawa garinsu, ta kewaye wurin da ƙaya, ta zauna gadi da sanda, ko jikokin gidan ba su isa su gifta ba. Yanzu tsiron ya kai tsawon taƙi, ya isa dashe.

Sai dai kada ki sa rai da yawa, don ban iya yi miki alkawari kuma. A wurin nan aka zazzage geron kasuwar da aka ƙara da shi, kuma a wannan girman ni ban iya bambance su ba, Gwaggo Rabi ma ta ce ba za ta rantse ba. Sai an dasa an jira. Wanda ya yi gaggawar fitar da kai tsakiyar damina, gero ne. Wanda ya yi zamansa har ruwa ya fara ja da baya, shi ne namu. Yana iya zama rabi, yana iya zama tushe biyu, yana iya zama babu.

Na mayar wa Adamu takardunsa. Na gaya wa sabon malamin zan jira kaka, in an samu ƙwayar aunawa in ƙarasa aikin da na fara. Ya ce in sani 'yan ajinmu za su karɓi sakamako su tafi su bar ni, sai baɗi. Na ce na sani. Na san kin hana, amma tun yaushe miji ya fara bin umarnin uwargida? Ki ajiye faɗanki, ina tafe, sai ki yi shi gaba da gaba.

Ranar Talata da sassafe za mu cire su da ƙasarsu, mu jera a daro, mu rufe da jiƙaƙƙen buhu. Isa ya ce zai bar mini kujerar gaba in riƙe daron a cinya, kuma ya yi alkawarin bin ramukan hanyar Doguwa a hankali. Ki ce wa Kawu Hamma ya gyara fegin bayan gida, wanda kike iya gani daga ƙofar ɗakinki, ya kuma toshe inda awakin maƙwabta ke shigowa. In ba a yi ruwa ranar ba, Nusaiba ta cika randa, da yamma za mu dasa.

Saura magana ɗaya. Da zan taho, Hajiya Zulaihat ta ce tana da roƙo. In Allah ya raya dauron, tana so a kawo mata zangarniya ɗaya, ba don ci ba, don ta mayar rumbun, inda mijinta ya ajiye damin da hannunsa. Bakina har ya buɗe zai ce an gama, sai na tuna yadda aka yi wancan karon. Na ce mata ba nawa ba ne, sai na tambayi mai shi.

To, Iya, ga shi na tambaya.

Ki gaishe da Kawu Hamma da duk mutanen gida. Allah ya kai mu Talata lafiya.

Mijinki, manomin biro,
Mas'ud